Agogon Kaka na Makka

Baffana, ƙanen Baba, ya dawo daga aikin Hajji da haƙorin Makka guda ɗaya da akwati uku. Shekarar ina aji shida na firamare, muna zaune a Kakuri, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu wanda kusan duk magidantansa ma'aikatan masaƙa ne. Baba ma a masaƙar yake, shi ke kula da layi guda na injinan saƙa, kuma mutum ne da ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Baffa kuwa ɗan kasuwa ne a Tudun Wada, mai son a san ya zo wuri. Da ya sauka daga tasi a ƙofar gidanmu sai da ya yi wa kowa murmushi ɗaya bayan ɗaya, har yaran da ba su san shi ba, don kada wani ya wuni bai ga haƙorin ba.

Aka shimfiɗa tabarma aka fara rabon tsaraba. Dabino, kwalli, carbi, zamzam a 'yar jarka, da zobban da suka mayar mana da yatsu kore kafin mako ya zagayo. Maƙwabtanmu Kiristoci ma kowa ya samu dabinonsa. Can ƙarshe Baffa ya zaro wani ɗan kwali daga aljihun jallabiyarsa, ya durƙusa gaban Kaka.

"Iya, wannan naki ne. Agogo ne. Shi da kansa zai riƙa tashinki da asuba."

Kaka ita ta haifi Baba da Baffa, kuma ɗakinmu ɗaya da ita tun da aka yaye ni. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara, Baba kuma yake ce mini Uwata ko da ransa a ɓace yake. Shi Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da magana da shi sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan kaza," alhali yana zaune gabanta yana ji.

Agogon bai yi kama da kowane agogo da muka sani ba. Faɗinsa kamar tafin hannu, ruwan toka, da gilashi a tsakiya, da jajayen maɓallai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da wasu ƙanana a sama. A kusurwar gilashin lambobi ne baƙaƙe ke nuna lokaci. Baffa ya ce mai kantin ya sa shi ya yi ƙara a gabansa, shi kuma bai tsaya tambayar komai ba ya ce a naɗe. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta shafa shi a fuska kamar yadda ta yi wa carbin, ta naɗe shi a hankici ta sa a kwallarta kusa da zamzam. Matsala ɗaya ce, ba ta san lamba ba. Don haka aka naɗa ni mai duba wa Kaka agogo.

A rana ta uku, ina duba mata lokacin la'asar, ƙaiƙayin hannu ya sa na danna ɗaya daga cikin ƙananan maɓallan. Abin ya ce tit, lambobin suka ɓace, sai ga wani ɗan baƙin mutum da kwando a ka, tsaye ƙarƙashin bishiyoyi uku. Saura kaɗan in yar da shi. Kafin in yi ihu wani abu ya faɗo daga bishiyar hagu, ya fashe a ƙasa, wata dabba ta fito da gudu ta cinye ta ɗaga wutsiya. Na danna jan maɓallin hagu, mutumin ya yi tsalle zuwa hagu. Na danna na dama, ya koma dama. Abu na biyu da ya faɗo, a cikin kwandonsa ya sauka, kuma ni ce na sa ya sauka.

Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu daɗin da na ji ba. Mun san talabijin, akwai guda a ɗakin wani makanike a gidan, muna taruwa a taga muna kallo. Amma mutanen talabijin ba ruwansu da kai, ko ka yi ta ihu ba za su waiwayo ba. Wannan kuwa mutum ne a cikin gilashi yana jin maganar yatsana. Na ruga na kira ƙawata ta ɗakin ƙarshe, wadda muke aji ɗaya, iyayenta mutanen kudancin jihar ne, babanta yana sashen rini a masaƙa. Muka haɗa kai a kan gilashin har magariba. A ranar muka yanke hukunci cewa abin da ke faɗowa mangwaro ne. Dabbar ce muka daɗe muna gardama a kai, ita ta ce kare ne, ni na ce akuya, har Kaka ta leƙa ta raba mu.

"Kare ba zai shiga kayan Makka ba. Akuya ce."

Dokar wasan ba wuya. In mangwaro uku ya faɗi ƙasa akuya ta ci, wasa ya ƙare. In kana tarewa kuwa, maki na hawa, mangwaron na ƙara sauri, har ka daina tunani yatsunka su riƙa yi da kansu. Yaran makaranta suka ce sunan abin gem. Cikin mako biyu carafke ya fita daga raina, gaɗa ta zama aikin yara, ludon da muke faɗa a kansa ya koma ƙarƙashin gado. Na ƙona miyar Mama sau biyu. In na rufe ido mangwaro nake gani yana saukowa, kuma Allah ya yafe mini, har cikin salla na sha tare shi. Aka aike ni niƙa na dawo da garin wata mata, ban ma lura kwanon ba namu ba ne. Ƙawata tana yi, tana jin daɗi, amma in mamanta ta ƙwala mata kira sai ta ajiye ta tafi. Ni ce ba na iya ajiyewa. Kullum cewa nake sau ɗaya kawai, kuma da gaske nake lokacin da nake faɗa.

Abin kuma yana ta yaɗuwa a unguwa ta wasu hanyoyi. Ƙawata ta ba ni labarin gidan wani injiniya a Barnawa inda aka kai su cin Kirsimeti, ta ga an jona wani akwati da talabijin, sanduna biyu suna buga wa juna ƙwallo mai kusurwa huɗu. Ba a daɗe ba wani ya buɗe shago kusa da kasuwar Kakuri da wata na'ura mai tsayin firij, 'yan sakandare suna cusa rigar makaranta a jaka su wuni a can. Daga baya na ga na 'ya'yana mai kaset, na ga na jikoki a waya. Na yi shekara talatin ina koyarwa, kuma ba na jin akwai malamar da ta kai ni ƙwace waya a aji. Ina haɗe rai in ce wa yarinya, "Ke ba ki da hankali ne?" Amma in na ga yadda idonta ke bin hannuna har cikin durowa, na san abin da ke cin ta ciki da waje.

Sakamakon ƙarshen zango ya fito. Ni da ban taɓa wuce ta uku ba, na zo ta ashirin da ɗaya. Na ɓoye katin a cikin matashi, amma ranar Asabar da hantsi sai ga malaminmu na aji shida ya jingine kekensa a bakin famfo. Dogo ne, mai matse ƙafar wando da ƙarfe, shi ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa a Sabon Tasha, kuma bai iya magana a hankali ba. Baba yana gida, sai da rana zai shiga aiki. Aka ba Malam kujera a ƙofar ɗakin Kaka.

"Baba, yarinyar nan tana da kai," in ji shi. "Amma kan ya tafi yawo. In na ce a yi lissafi, sai in ga manyan yatsunta biyu suna rawa a kan benci. Kwaman saura wata huɗu. In aka ci gaba haka, wallahi ba za ta ci ba."

Kwaman ita ce jarrabawar shiga sakandare, kuma a kanta Baba ya ɗora duk burinsa. So yake in tafi makarantar kwana ta 'yan mata. Ya sha faɗa cewa ba ya son ɗansa ko ɗaya ya tsufa da kurumcin injin saƙa irin nasa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

"Uwata, ɗauko abin."

Kaka ce ta ɗauko da kanta, ta warware hankicin a kan cinyarta. Malam ya karɓa ya jujjuya, ya ce ai wannan ba agogo ba ne kawai, 'yar ƙaramar kwamfuta ce a ciki. Ranar na fara jin kalmar. Ya ce a makaranta ya riga ya ƙwace guda biyu, abin yana shiga jinin yara kamar taba.

"Malam," in ji Kaka, "kai mutumin kirki ne, ina jin labarinka. Amma ka san daga ina abin nan ya zo?"

"An ce daga Makka, Mama."

"To."

Malam ya kifa shi ya karanta 'yan rubutun da ke baya. "Mama, ai a Japan aka ƙera shi."

"Ko a ina aka haife shi, ya dai je Makka. Ni ban je ba. Kai ka je?"

Malam ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce a'a, shi kam bai je ba. Baba bai yi dariya ba. Da abin nawa ne, da tuni ya taka shi da takalmin aiki. Amma na mahaifiyarsa ne, tsarabar ƙasa mai tsarki, ƙanensa ya ba ta a gaban mutane. Ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya ce, "Iya, ki yi haƙuri ki bar ni in kai shi gidan Alhaji ƙanena a ajiye har a gama jarrabawa. Sau ɗaya ake yin ta. In ta faɗi, shi ke nan."

Kaka ta juya ta dubi bango.

"A gaya wa mai gidan nan agogona ba ya zuwa ko'ina. Abin da ya ga Ka'aba ba zai lalata mini jika ba. Ni na tsaya mata. In ta faɗi, ni na faɗi. Ranar ya ɗauki agogon ya jefa a kogi daga kan gada, ba zan ce uffan ba. Kuma daga ranar ba zan ƙara sa baki a sha'anin 'ya'yansa ba har in mutu."

Wanda bai san Kaka ba ba zai gane girman abin da ta ajiye ba. Matar da ke sa baki har a gishirin miyar maƙwabta, wadda ita ke cewa wane yaro za a yi wa aski, wane za a saya wa takalmi, wadda bayanta ne mafakar duk wanda Baba ya ɗauko wa bulala. Bakinta shi ne duk abin da ta mallaka a gidan, kuma ta ɗora shi a kaina. Baba ya ce, "To, Iya." Ni kuwa, don in faɗi gaskiya, abin da na ji kawai shi ne ba za a tafi da gem ba.

Kaka ta kafa doka. Daga dawowa makaranta har la'asar karatu ne, a gabanta, da ƙarfi yadda za ta ji. In ta gamsu sai ta buɗe kwalla, in yi wasa har a kira magariba. Na ce na yarda. A raina na ce tsohuwar da ba ta san alif na boko ba, yaya za ta san abin da nake karantawa? Sai na samu wani shafi mai sauƙi a littafin Turanci, labarin wani manomi, na riƙa rero shi kullum, idona a kan kwalla. Kwana biyar ina sheƙe ayata. A na shida, na buɗe baki ke nan Kaka ta riga ni.

"Wan de, di fama wen tu di maket," in ji ta, tana ɓare goro ko kallona ba ta yi. Ta ja layi uku cur da Turancinta na kunne, sannan ta ɗago. "Ja'ira. Manomin nan tun ranar Litinin yake hanyar kasuwa, har yau bai isa ba?"

Mama tana tankaɗe a ƙofa, dariya ta sa ta zubar da gari. Daga ranar Kaka ta karyo tsinken tsintsiya ta riƙa sa wa kowane littafi nawa. Ita ke sa shi da hannunta inda na tsaya, ita ke cire shi gobe, kuma tana auna kaurin takardun da yatsa ta ga ko tsinken yana tafiya gaba. Lissafi kuwa ta sa ƙawata ta riƙa zuwa muna yi tare, in amsarmu ta bambanta ta kora mu ɗakin baban ƙawata ya raba gardama. Karatu ya ɗan dawo. Amma ban warke ba. In Kaka ta tafi barka ko ta ɗan kishingiɗa, na san yadda ake ɗaga murfin kwalla ba ƙara. Na koyi danne bayan abin da tsumma don kada a ji tit-tit.

Da zafin bazara ya kama, sai ɗan mutumin ya fara dusashewa. Kullum yana ƙara haske, mangwaron ma sai ka karkata gilashin kake ganinsa. Hankalina ya tashi. Na daina cin abinci sosai, ina amsa wa kowa magana a daƙile. Kaka ta tambayi Mama me ke damun takwararta, Mama ta ce batirin abin ne ya yi sanyi.

To, batir kam Kaka ta san maganinsa. Duk gidan an san shi. In batirin rediyon Baba ya yi sanyi, jera su yake a kan kwanon rufin kicin su sha rana, da yamma ya mayar, rediyo ya ƙara kwana biyu yana ba da labarai. Washegari bayan na tafi makaranta, Kaka ta nemi inda ake buɗe agogon ta rasa. Sai ta ce ai ba komai, rana ba ta buƙatar ƙofa. Ta ɗora shi a faifai tsakiyar kuɓewar da take busarwa, ta juya gilashin sama don ya sha da kyau, ta sa aka miƙa mata faifan kan rufi tun hantsi.

Na dawo wajen ƙarfe biyu, daidai lokacin da jiniyar masaƙa ta yi kuka, titi ya cika da kekunan masu fita da masu shiga. Baba ya riga ya tafi. Mata suna bakin famfo. Kaka na zaune a inuwa tana jirana, bakinta har kunne.

"Takwara, na yi miki magani. Hau turmi ki sauko da faifan can."

Na sauko da shi. Abin ya yi zafi kamar murfin tukunya. Gilashin ya zama baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe, ba mutum, ba bishiya, ba lamba. Na danna, na danna, na girgiza. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wa ya sa ki? Wa ya ce ki taɓa mini abuna? Ke ba ki san komai ba sai ɓarna!"

Ruwa yana ta zuba a bokitin wata har ya cika yana malala, ba wadda ta motsa ta kashe famfon. Mama ta fito daga kicin da muciya a hannu, kuma na san da ta iso ni da na ji a jikina. Kaka ta ɗaga mata hannu kawai. Ta miƙe a hankali, ta karɓi abin daga hannuna da gefen zanenta saboda zafi, ta dube ni, ta dubi matan.

"Kada wanda ya gaya wa mai gidan nan," ta ce, ta shige ɗaki.

Na zauna a bayan kicin na yi kuka, rabi don gem rabi don abin da ban san sunansa ba tukuna. Da na shiga ɗaki da la'asar, na tarar ta naɗe shi a leda, ta sa cikin jiƙaƙƙiyar algararar da take ajiye goro, ta tura ƙarƙashin randa inda yashi ke da sanyi. Ta ce da Mama, ba da ni ba, zazzaɓi ne ya kama shi, a bar shi ya huce. Wallahi kafin magariba baƙin ya fara janyewa daga gefe. Da aka idar da salla ga lambobi sun dawo, ga bishiyoyi uku. Matan gidan suka yi ta salati, maman ƙawata ta ce lalle abin ya je Makka. Ranar Asabar Kaka ta ba Baffa ya kai wa mai gyaran agogo aka sa sabon batir, wani ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Da aka dawo da shi ta ajiye mini a kan matashina.

Na ɗauka na danna. Ɗan mutumin ya fito baƙi wuluk, ya fi da kyau. Mangwaro ya fara saukowa, yatsuna suka fara aikinsu. Amma duk tit ɗin da ya yi, muryata nake ji a tsakar gida. Ban kai maki ashirin ba na kashe, na naɗe shi a hankicinsa na mayar kwalla.

Ba zan ce na zama waliyyiya ba. Akwai ranakun da na ɗaga murfin na tsaya ina kallonsa, yatsuna suna ƙaiƙayi. Abin da na kasa shi ne ba ta haƙuri. Kullum sai in shirya maganar a hanyar makaranta, in na shigo na gan ta sai in fasa. Ita kuma ba ta canza mini a komai ba, tana sa tsinke, tana ajiye mini ƙanzo, tana ce mini takwara. Tsokana ce kawai ta daina. Ba ja'ira, ba mai kan kwakwa, ba komai. Wannan ya fi mini bulala ciwo. Sai na rungumi littafi ba ji ba gani, don shi kaɗai nake da shi da zan ba ta. Sai a lokacin na gane cewa in na faɗi, ba agogo kaɗai za a jefa a kogi ba. Tsohuwar nan za ta zauna a ɗaki ta yi shiru a gidan ɗanta, kuma na san za ta cika alkawari.

Muka yi jarrabawa, muka zauna jira. Damina ta sauka. Wata Laraba ana yayyafi sai ga Malam ya shigo da keke har tsakar gida, ya jiƙe sharkaf, yana zaro takarda daga cikin singileti. Tun daga zaure yake ƙwala wa Kaka kira.

"Mama! Mama! Sun ci! Su biyun duka, makaranta ɗaya!"

Maman ƙawata ta rangaɗa guɗa, Mama ta amsa mata. Ni da ƙawata muka rungume juna muka faɗi cikin taɓo. Kaka ba ta yi guɗa ba. Ta sa aka share baranda, aka shimfiɗa babbar tabarma, ta ɗaura sabon zane, ta zauna da kwallarta a gefe. Baba yana aikin safe, don haka duk gidan aka zauna jiran jiniyar ƙarfe biyu. Da ya shigo da kekensa ya ga taro, ya tsaya turus. Malam ya miƙa masa takardar. Ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi, ya dube ni ya ce, "Uwata."

Kaka ta dubi bango.

"A tambayi mai gidan nan, yaushe za mu je gadar?"

"Iya, ki yi haƙuri."

"A gaya masa haƙuri ba ya isa. Ya zauna nan ya tare mini mangwaro."

"Mama, yau kin ci kes!" in ji maman ƙawata, tana duban Kaka.

Baba ya zauna a tabarma da kayan aikinsa, auduga duk a gashinsa, ya karɓi abin da yatsu biyu. Mutumin da ke ƙulla zaren da ya tsinke injin na gudu, sai ga shi yana danna dama mangwaro na faɗowa hagu. Kafin a ƙirga goma akuya ta ci uku. Ya ƙura wa gilashin ido.

"Akuyar nan ba ta da tarbiyya," ya ce. "A sake."

Gidan ya kece da dariya. Na durƙusa kusa da shi ina ce masa hagu, Baba, hagu, ƙawata na ihu daga ɗaya gefen, Malam yana ba da umarni daga sama kamar yana gaban mawaƙansa. Da ya tare na farko sai Baba ya yi wata dariya da ban taɓa ji ba, har na hango haƙoransa na ciki. Sau huɗu ya ce a sake. A na biyar Kaka ta miƙa hannu ta karɓe kayanta, ta ce a gaya masa ya isa haka, kada shi ma malaminsa ya biyo shi gida.

Bayan an watse na same ta a ɗaki tana naɗe agogon. Ruwa ya ɗauke, ana jin yara suna wasa a kwata. Na durƙusa a gabanta, wata huɗu bayan lokacin da ya kamata.

"Kaka, ki yafe mini abin da na faɗa miki ranar nan."

Ta gama ƙulla hankicin tukuna.

"Na yafe tun kafin ki rufe baki, ja'ira," ta ce. "Amma ranar na ji tsoro, takwara. Ba don agogo ba. Ni na goya ki, na san fuskarki fiye da tawa. Ranar na dube ki ban gane ki ba."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka sosai, ta bar ni na yi mai isata, tana shafa mini kitso. Can ta ɗan ture ni da gwiwa.

"Tashi haka nan, kin jiƙa mini sabon zane. Je ki ɗebo mini ruwan alwala."